Wai me muka tare wa Shaiɗan ne da yake gaba da mu haka?

Salama gare ku 'yan uwa. A coci-cocinmu na ƙasar Zuru, daga Dabai zuwa Ribah zuwa Dirin Daji, da wuya a tashi sujada ranar Lahadi ba a ambaci Shaiɗan ba, a waƙar zumuntar mata yana ciki, a addu'ar matasa ana ta tsauta masa, fasto ma in wa'azi ya ɗau zafi sai ya taɓo shi. Amma ka tsayar da mutum a bakin ƙofa ka ce masa, ɗan uwa, shi wanga Shaiɗan me yake nema ne, me ɗan Adam ya tare masa, sai ka ji amsar bata wuce "ai shi mugu ne kawai". To gaskiya ne mugu ne, amma koyarwar Kirista ta faɗi fiye da haka, kuma ni a ganina rashin sanin dalilin gabar shi ya sa da yawanmu muke yaƙi da wanda ba shi ne abokin gaban ba.

Abu na farko da ya kamata ya zauna a kai, Shaiɗan halitta ne. Ba kishiyar Allah bane, ba wani ƙaramin allah bane mai mulkin duhu da suka raba duniya biyu shi da Ubangiji. Bulus ya ce a Kolosiyawa 1:16 dukan abubuwa, na bayyane da na ɓoye, har da sarautu da ikoki, ta wurin Almasihu aka halicce su. A zamanin da akwai wata ƙungiya, mabiyan wani mutum mai suna Mani daga ƙasar Farisa, da suke koyar da cewa haske da duhu dukansu tun fil'azal suke kuma suna ta fafatawa, Agustin ma, wanda daga baya ya zama bishop ɗin Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya bi su shekaru a ƙuruciyarsa kafin ya bar su ya dawo yana rubutu a kansu. Ikilisiya ta ƙi wagga koyarwa gaba ɗaya, kuma a babban taron Lateran na huɗu a birnin Rum a 1215 aka rubuta a fili cewa Iblis da sauran aljanu Allah ya halicce su da kyau, su da kansu suka mai da kansu miyagu. A kan wannan kam Katolika da 'yan UMCA da ECWA da Baptis duk bakinsu ɗaya. Kuma ba ƙaramar magana bace, domin halitta tana da iyaka, bata ko'ina a lokaci guda, bata san komai ba, bata iya komai ba. Yadda wasunmu ke maganarsa sai ka ɗauka yana zaune a kowane gida yana karanta zuciyar kowa, mun ba shi girman da ba nashi ba.

To yaya aka yi halitta mai kyau ta lalace? A nan sai mun yi a hankali saboda Littafi Mai Tsarki bai ba da labarin dalla-dalla ba kamar yadda ake zato. Abin da yake a sarari shi ne 2 Bitrus 2:4 da Yahuza aya 6, mala'iku da suka yi zunubi suka bar matsayinsu. Ayoyin da aka fi karanta mana, Ishaya 14 inda wani yake cewa a zuciyarsa zai hau sama ya kafa kursiyinsa bisa taurarin Allah ya zama kamar Maɗaukaki, da Ezekiyel 28 inda ake makokin wani da yake a Adnin cike da hikima da kyau har zuciyarsa ta kumbura, in ka duba farkon zancen za ka ga Ishaya da sarkin Babila yake, Ezekiyel kuma da sarkin Taya. Da yawa daga iyayen ikilisiya na farko sun ga hoton faɗuwar Shaiɗan a bayan sarakunan nan, amma Kalbin, babban malamin gyaran ikilisiya na Janiba, bai yarda Ishaya 14 da Shaiɗan yake ba, ya ce sarkin Babila ne kawai. Na faɗi wannan ne don kada matashi ya je ya karanta da kansa ya ce an ruɗe shi. Sai dai ko ba ayoyin nan, akwai 1 Timoti 3:6 inda Bulus ya hana a naɗa sabon tuba shugaban ikilisiya, don kada girman kai ya kama shi ya faɗa cikin hukuncin da aka yi wa Iblis. Daga nan mafi yawan malamai suka tsaya a kan cewa tushen abin girman kai ne, halitta ta ƙi zama halitta, tana son ta zama ita ce mai gashin kanta ba mai karɓa daga hannun Allah ba.

Amma girman kai ya bayyana rigimarsa da Allah ne kawai, bai bayyana namu ba. Mu ina ruwanmu? Ba mu nan lokacin da abin ya faru, ba mu muka kore shi ba.

Nan ne hassada ta shigo. A littafin Hikimar Sulemanu 2:24, wanda yake cikin Baibul ɗin 'yan uwanmu Katolika amma babu shi a namu na Furotesta, an ce ta hassadar Iblis ne mutuwa ta shigo duniya. Tsofaffin malamai irin su Ireniyus na Liyon a ƙarni na 2 da Tatuliyan na Kartaj a arewacin Afirka sun bi wannan layin, cewa Iblis ya kasa haƙuri da ganin abin da Allah ya yi wa mutum, an ɗebo ƙasa an gina shi, an hura masa numfashi, aka yi shi cikin siffar Allah, aka danƙa masa mulkin sauran halittu. Toma Akwinas wanda ya rasu a 1274 sai ya haɗa biyun, ya ce girman kai ne ya fara sannan hassada ta biyo baya, kuma in ka duba haka abin yake ko a tsakaninmu, mai ganin kansa ya fi kowa baya iya jure ganin an ɗaga na ƙasa da shi. Maƙwabtanmu Musulmi za su ce ai mun san wannan, Iblis ya ƙi yi wa Annabi Adamu sujada ya ce shi daga wuta aka yi shi, Adamu kuwa daga yumɓu. Labarin ƙin sujadar babu shi a cikin Littafi Mai Tsarki, ko da yake akwai shi a wani tsohon rubutu da ba a sa cikin littattafan da ikilisiya ta karɓa ba, amma batun raini da hassada kam mun haɗu a kai, kuma yana da kyau mu san inda muka haɗu da inda muka rabu ba tare da wani ya ƙara wa wani magana ba.

Yanzu ga abin da ni na ɗauka shi ne zuciyar maganar. Shaiɗan ba zai iya taɓa Allah ba, ko kusa. To mai ƙiyayya da ya rasa yadda zai kai ga wanda yake ƙi me yake yi? Kun sha gani lokacin siyasa, mutum bashi da halin ko matsawa kusa da gwamna, sai ya bi dare yana yayyaga fosta a bango yana caccake idon hoton, takardar bata yi masa komai ba, fuskar da ke kai ce baya son gani. Mu ne hoton. Farawa 1:27 ta ce Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, namiji da tamata, kuma ayar bata ce Kirista ba, bata ce mai zuwa coci ba, mutum ta ce. Kenan gabar Shaiɗan ta hau kan Badakkare da Bahaushe da Bafulatani da Bakambare da Baduke, ta hau kan mai zuwa masallaci da mai bin al'adar kakanni, duk wanda ke numfashi. Shi ya sa Yesu a Yahaya 8:44 ya kira shi mai kisankai tun farko, kuma uban ƙarya. Duk inda ka ga ana mai da ran ɗan Adam ba komai ba, ana saka masa farashi kamar tunkiya a kasuwa ana ciniki ta waya, to manufarsa ce ke cika, ko ma wa ke riƙe da wayar.

Littafin Ayuba ne ya fi ko'ina buɗe mana abin da ke ransa, kuma wallahi mutanen ƙasarmu ba sai an yi musu dogon bayani ba in aka karanta sura ta ɗaya. Mutum ne mai tumaki 7,000 da raƙuma 3,000 da shanun noma bijimai 1,000 a haɗe bibbiyu da jakuna 500, 'ya'ya goma. Rana ɗaya mahara Sabiyawa suka faɗo suka kore shanu da jakuna suka kashe barori, Kaldiyawa suka rabu kashi uku suka kwashe raƙuma, wuta ta cinye tumaki, iska ta rushe gida a kan yaransa. Wanda ya baro ƙauyensa a Danko-Wasagu ko Sakaba da kayan jikinsa kawai, ya bar rumbu cike da dawa, in ya ji wannan ba tatsuniya yake ji ba. To amma ku duba abin da ya jawo duka, tambaya ɗaya ce Shaiɗan ya yi a gaban Allah, wai a banza Ayuba yake tsoronka? Ai don ka katange shi ne ka sa masa albarka, taɓa dukiyarsa ka gani in bai zage ka ido da ido ba. Da hakan bai yi ba sai ya dawo ya ce to taɓa jikinsa. Kun ga shanun ba su dame shi ba, raƙuman ba su dame shi ba, me zai yi da raƙumi? So yake ya tabbatar cewa babu ɗan Adam ko ɗaya da ke ƙaunar Allah don Allah, duk 'yan kwangila ne, a biya su su yi sujada, a daina biya su watse. Zagi ne ga mutum, kuma zagi ne ga Allah, kamar yana cewa kai ba abin ƙauna bane in ba ka saya ba. Shi ya sa ni wa'azin da ke cewa ka ba da baiko kaza Allah ya mayar maka ninki kaza, in baka samu ba bangaskiyarka ce ta gaza, yake tayar min da hankali ƙwarai, domin ba tare da mai wa'azin ya sani ba yana koya wa mutane su zama daidai abin da Shaiɗan ya zargi Ayuba da shi.

Sannan akwai wani abu a littafin da ba a cika lura da shi ba. Bayan sura ta biyu ba a sake jin Shaiɗan ba sam, amma aikinsa bai tsaya ba, abokan Ayuba ne suka karɓa, Elifaz da Bildad da Zofar, mutane masu addini da suka zo ta'aziyya suka zauna suna ce masa lallai akwai abin da ka aikata, Allah baya hukunta marar laifi. A sura ta 42 Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu don basu faɗi gaskiya game da shi ba, sai da Ayuba ya yi musu addu'a.

Wannan ya kawo mu ga sana'arsa ta ainihi, kai ƙara. Wahayi 12:10 ta kira shi mai ƙarar 'yan uwanmu, yana ƙararsu dare da rana a gaban Allah. A Zakariya 3 an ga babban firist Yoshuwa tsaye da ƙazaman tufafi, Shaiɗan na damansa yana shirin zarginsa, kuma abin lura ba a ce tufafin ba su da datti ba, da dattinsu, amma Ubangiji ya tsauta wa mai ƙarar ya ce a tuɓe masa su a sa masa masu kyau. Haka yake aiki ta fuska biyu, kafin ka yi zunubin zai ce maka ba komai bane, kowa na yi, Allah mai jinƙai ne, da ka faɗa sai ya juya ya ce kai kam ka gama yawo, da wace fuska za ka shiga coci. Bitrus da Yahuza Iskariyoti a dare ɗaya suka faɗi, ɗaya ya sayar da Yesu ɗaya ya yi musun saninsa har sau uku, dukansu sun yi nadama, amma Yahuza ya tafi ya rataye kansa, Bitrus kuwa ya yi kuka mai zafi ya tsaya cikin 'yan uwa. Tun kafin abin Yesu ya gaya masa a Luka 22:31 cewa Shaiɗan ya nemi izini ya sheƙe su kamar alkama, amma na yi maka addu'a kada bangaskiyarka ta ƙare. Ku riƙe kalmar nan ta neman izini, za mu dawo gare ta.

Ƙarya kuma ita ce makaminsa, kuma ba irin ƙaryar da yaro zai gane bace. A gonar Adnin bai ce wa Hawwa'u babu Allah ba, tambaya ya yi, da gaske Allah ya ce kada ku ci? Sannan ya sa mata zargin cewa Allah yana yi musu rowa ne, baya son su zama kamarsa, wato cutar da ta kama shi ita ya shafa musu. Da ya zo wa Yesu a jeji bayan azumin kwana 40 har Zabura 91 ya jawo masa. Bulus ya ce yakan rikiɗa ya zama kamar mala'ikan haske, don haka wanda ke jiran ya gan shi da ƙaho da jela zai daɗe yana jira.

Abin da ya ƙara hura wutar gabar a koyarwar Kirista shi ne zuwan Almasihu cikin jiki. Ibraniyawa 2 ta ce ba mala'iku ya zo taimaka ba, zuriyar Ibrahim ce, ya ɗauki nama da jini irin namu domin ta wurin mutuwarsa ya karya mai ikon mutuwa wato Iblis. Ƙurar nan da aka raina ita Ɗan Allah ya ɗauka, har Bulus yana gaya wa Korintiyawa cewa za mu yi wa mala'iku shari'a. To an ci shi da yaƙi a gicciye, me ya sa bai haƙura ba? Wahayi 12:12 ta amsa, ya sauko da babban fushi domin ya san lokacinsa ya rage kaɗan. Ba yaƙin mai sa ran nasara yake yi ba, na wanda ya san ya rasa ne yana son ya tafi da duk wanda ya samu, kuma Matiyu 25:41 ta ce wutar nan don Iblis da mala'ikunsa aka shirya ta, ba don mutum aka yi ta ba tun asali.

Yanzu bari in faɗi inda muke karkacewa, kuma da ciwon zuciya nake faɗa. Na ɗaya, "sharrin Shaiɗan ne". Mutum zai ci amanar kuɗin zumunta, ko ya lalata 'yar mutane, a gaban dattawan ikilisiya ko a gaban alƙali sai ya sunkuyar da kai ya ce sharrin Shaiɗan ne. Hawwa'u ce ta fara wannan uzurin, ta ce maciji ne ya yaudare ni, kuma bai hana a hukunta ta ba. Yakubu 1:14 ta ce kowa muguwar sha'awarsa ce ke jansa, Shaiɗan yana tallatawa ne amma baya iya tilasta maka saye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ya sa Afisawa 4 ta ce kada rana ta faɗi kuna cikin fushi, kada ku ba Iblis ƙofa.

Na biyun ya fi muni. Yaro ya kwana biyu da zazzaɓi ya sandare, maimakon a ruga asibiti a duba ko maleriya ce ta hau kai ko sanƙarau, sai a fara waige-waige, wa ya kama shi, kuma kusan kullum yatsa kan tsaya ne a kan tsohuwar da mijinta ya mutu bata da mai tsaya mata, ko kishiya, ko maraya da aka ɗauko riƙo. Wani mai addu'a ya zo ya ce ya ga wahayi, shikenan an ɓata sunan baiwar Allah har ƙarshen ranta, jikokinta ma a rasa mai aurensu. 'Yan uwa, in sunan aikinsa kai ƙara, kuma abin da yake ƙi shi ne siffar Allah a jikin mutum, to taron da ya kewaye tsohuwa yana ce mata mayya aikin wa yake yi? Afisawa 6:12 ta ce kokawarmu ba da nama da jini bace. Ban ce babu ikokin duhu ba, Littafi ya ce akwai, Yesu ya fitar da aljanu, amma ku nuna min wuri ɗaya da ya nuna wata tsohuwa ya ce ita ta jefa wa wane. Ya warkar da wanda ke shan wahala ne ya sallame shi gida.

Haka ma batun 'yan bindiga. Wanda ya ɗauki bindiga ya kashe manomi a gonarsa mai laifi ne, hukuma ta kama shi ta hukunta shi, kuma jama'a na da haƙƙin a tsare musu rai, babu ayar da ta hana a nemi adalci. Amma ranar da muka yanke cewa ƙabila kaza gaba ɗayanta shaiɗanu ne, har yaron da ke tallan nono a kasuwa, to ya samu riba biyu a kanmu, ya kashe mana mutane kuma ya sa mun daina ganin siffar Allah a fuskar wasu.

Saura tambayar da ta fi kowace nauyi, in Allah ya fi ƙarfinsa, me ya sa ya bar shi? Na ce za mu dawo ga neman izini. A Ayuba sau biyu ana shata masa iyaka, da farko kada ka taɓa jikinsa, daga baya kada ka ɗau ransa, kuma bai iya tsallakewa ba. 1 Korintiyawa 10:13 ta ce Allah ba zai bari a gwada ku fiye da ƙarfinku ba. Bulus da kansa yana da wata ƙaya a jiki da ya kira manzon Shaiɗan, sau uku ya roƙa a cire masa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka, kuma ya gane ƙayar ce ta hana shi girman kai, wato Allah ya yi amfani da Shaiɗan ya tsare Bulus daga zunubin da ya kayar da Shaiɗan ɗin. Agustin ya koyar da cewa Allah ba zai ƙyale mugunta ba in ba don yana da ikon fitar da alheri daga cikinta ba. Na gaskata wannan da zuciya ɗaya. Amma ina roƙonku kada ku ɗauki wagga magana ku kai wa matar da aka kashe mata miji jiya kuna mata bayani, Ayuba ma da Allah ya yi masa magana daga cikin guguwa bai gaya masa dalili ba, har littafin ya ƙare ba a nuna ya san abin da aka tattauna a kansa a sama ba. Abokansa kwana bakwai na farko da suka zauna da shi a ƙasa basu ce uffan ba, babu wanda ya ga laifinsu, sai da suka buɗe baki.